Sanda, Ido da Shekaru: Kimiyyar da ke Cikin Wasan Sinuka

Duk wanda ya zaga unguwannin Haɗejiya bayan sallar La'asar, ko ya ratsa garuruwan da ke kewaye da ita kamar Malam Madori, Auyo da Kafin Hausa, da wuya ya rasa ganin wata 'yar rumfa mai ɗauke da koren tebur, samari sun kewaye shi, ɗaya ya sunkuya da doguwar sanda yana auna ƙwallo. Wannan shi ne wasan da jama'a ke kira sinuka. Dattawa da yawa ba sa kallonsa da mutunci, kuma suna da hujja, domin a wasu rumfunan caca ta shiga cikinsa, a wasu kuma ya zama mafakar ɗaliban da suka gudo daga aji. Amma laifin caca na masu caca ne. Shi kansa wasan, idan aka tsaya aka dube shi da idon basira, darasi ne babba a kan yadda ido da ƙwaƙwalwa da tsoka suke aiki tare, da kuma yadda wannan haɗin kai yake sauyawa idan shekaru suka fara turawa. Akwai malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda suka haura arba'in, suka koyi wasan tun suna samari, suna kuma son su ci gaba da karawa da yaran da suka haifa. Tambayar ita ce: me jiki ke ƙwacewa daga irin wannan mutum, me kuma yake bar masa?

Asalin wasan da kayan aikinsa

Hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro sinuka a garin Jabalpur na ƙasar Indiya a shekarar 1875, daga wasu tsofaffin wasannin tebur da suke rage dare da su. An fara gasar duniya a 1927, kuma Joe Davis ya cinye ta sau 15 a jere kafin ya janye daga cikinta a 1946. Tun daga 1977 ake yin gasar a zauren Crucible da ke birnin Sheffield. A Nijeriya, wasan ya shigo ta kulob-kulob ɗin da Turawan mulki suka kafa a manyan birane, kuma har yau irin su Ikoyi Club a Legas suna da sashe na musamman dominsa.

Ya kamata mai karatu ya san cewa abin da ake bugawa a mafi yawan rumfunan Arewa ɗan uwan sinuka ne, wato wasan ful, mai ƙaramin tebur da ƙwallaye 15 masu lamba, sai fara guda. Sinuka ta ainihi tana da tebur mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6, da ƙwallaye 22: jajaye 15, masu launi daban-daban 6, da fara ɗaya wadda ita kaɗai sanda ke taɓawa. Faɗin kowace ƙwallo milimita 52.5 ne. Sandar kan kai tsawon santimita 145 ko sama da haka kaɗan, nauyinta wajen rabin kilo, a kanta kuma akwai 'yar hular fata mai faɗin milimita 9 zuwa 10. Dokokin wasannin biyu sun bambanta, amma aikin da jiki ke yi a lokacin bugu iri ɗaya ne, don haka duk abin da za a faɗa a nan ya shafi teburin kulob da teburin rumfa baki ɗaya.

Kuskuren milimita ɗaya

Kafin a shiga batun jiki, sai an fahimci irin ƙuncin da lissafi ya sa ɗan wasa a ciki. A ɗauka cewa farar ƙwallo tana nesa da ja da mita ɗaya, jar kuma tana nesa da rami da mita ɗaya, dukkansu a kan layi guda. Idan farar ta iso ta kauce wa tsakiyar jar da milimita ɗaya tak, jar ba za ta bi hanyar da farar ta zo da ita ba. Za ta bi layin da ya haɗa tsakiyar ƙwallayen biyu a lokacin da suka haɗu. Tun da tazarar da ke tsakanin cibiyoyinsu milimita 52.5 ce, kaucewar milimita ɗaya tana karkatar da layin da kashi ɗaya cikin 52.5, wato digiri ɗaya da 'yan kai. Kafin jar ta ci mita ɗaya, ta riga ta bauɗe da kusan milimita 19. Bakin ramin kusurwa a teburin gasa bai wuce santimita 8 da rabi ba, don haka sararin da ya rage wa ƙwallo a kowane gefe bai kai santimita 2 ba. Ke nan kuskuren da bai kai kaurin ƙwayar gero ba ya isa ya hana ƙwallo faɗawa.

To, daga ina wannan milimita ɗaya ke fitowa? Tsakanin hannun gaba, wanda sanda ke kwance a kansa, da hannun baya, wanda ke riƙe da gindinta, akwai kimanin mita ɗaya. Idan aka bar wasu ƙananan dalilai a gefe, gocewar hannun baya da milimita ɗaya zuwa dama ko hagu tana karkatar da sandar daidai gwargwadon da zai haifar da wancan kuskure. Malaman lissafi na iya ba ɗaliban babbar sakandare wannan a matsayin aikin gida: su sake lissafin idan jar tana nesa da rami da mita biyu, su ga dalilin da ya sa bugun nesa ke ba kowa tsoro.

Gwiwar hannu da kafaɗa

Dukkan koyarwar masu horar da 'yan sinuka, in an tace ta, tana komawa ga abu guda: a rage yawan gaɓoɓin da ke motsi. Kafaɗa gaɓa ce mai kama da turmi da taɓarya. Kan ƙashin damtse yana juyawa cikin kwarminsa ta kowace fuska, gaba da baya, sama da ƙasa, ciki da waje. Wannan 'yanci yana da amfani ga mai jefa taru a kogin Haɗejiya ko mai tura kwalekwale da gora, amma ga mai neman miƙaƙƙen layi masifa ne. Ita kuwa gwiwar hannu kamar hinjin ƙofa take, ba ta san komai ba sai buɗewa da rufewa. Saboda haka ɗan wasa ke kafe kafaɗa da damtse wuri guda, ya bar sangalin hannu, wato daga gwiwa zuwa wuyan hannu, ya rataya yana lilo kamar mariƙin agogon bango. Tsokar bayan damtse ce ke jan sanda baya, tsokokin gaban damtse kuma su kawo ta gaba. Abin da ake so shi ne, a lokacin da kan sanda ke dab da farar ƙwallo, sangalin hannu ya kasance a tsaye cak, domin a wannan wuri na lilon ne hannu ke tafiya a kwance, ba ya hawa ba ya sauka.

Ƙafafu su ne tushe. Mai wasa da hannun dama yakan dasa ƙafar dama a kan layin bugu, ya miƙe ta, ya ɗan lanƙwasa ta hagu, ya jingina wani kaso na nauyinsa a kan hannun da ke tebur. Sandar tana taɓa jiki a wurare huɗu: hannun gaba, haɓa, gefen ƙirji, da hannun baya. Waɗannan wurare suna zame mata kamar kwalbati, ta yadda ko ta so gocewa ba ta da hanya.

Riƙo kuwa, sassauƙa ake so. Idan mutum ya damƙe sanda da ƙarfi, tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da wuyan hannu suna ɗaurewa, kuma da yake ba a miƙe suke da layin sanda ba, sukan murɗa ta kaɗan zuwa cikin jiki. Wanda ya taɓa ƙoƙarin zura zare a allura yana cikin fushi ya san wannan.

Akwai wata magana da kowane ɗan wasa ya sha ji: bayan an bugi ƙwallo, a bar sanda ta ci gaba da tafiya, kada a tsayar da ita. Mutane da yawa suna zaton wai sandar tana raka ƙwallon ne tana yi mata jagora. Ba haka ba ne. Hotunan kyamara mai saurin ɗauka sun nuna cewa kan sanda da ƙwallo ba sa haɗuwa fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na sakan, alhali kuwa saƙo yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan kafin ya tashi daga ido, ya bi ta ƙwaƙwalwa, ya isa tsoka. Ƙwallo ta daɗe da tafiya kafin mutum ya san ya taɓa ta. Amfanin sakin sanda yana gaban bugu ne: hannun da ya ƙudura zai tsaya a kan ƙwallo yakan fara taka birki tun bai iso ba, tsokar baya ta shiga ja-in-ja da ta gaba, sai sanda ta yi rawa a daidai lokacin da ake buƙatar ta natsu. Wanda ya yi niyyar ratsa ƙwallon ya wuce, shi ne ke isa gare ta da hannu a sake.

Game da juyin ƙwallo, masanin lissafin nan na Faransa, Coriolis, wanda ɗaliban labarin ƙasa suka san sunansa a darasin iska, ya rubuta littafi sukutum a kan wasan tebur a 1835. Abin da ya fi muhimmanci a nan kaɗan ne. In aka bugi fara a ƙasa da tsakiyarta, takan tafi tana juyi da baya, ta dawo bayan ta bugi ja. In aka buge ta a sama, ta bi jar. Amma kan sanda ba ya iya nisantar tsakiya fiye da kimanin milimita 13 ba tare da ya zame ba, kuma wannan ma sai an goga alli, wanda aikinsa ƙara kamu ne tsakanin fata da santsin ƙwallo. Sa'an nan nisan da ƙwallo mai mirginawa ke ci yana ƙaruwa ne da ninkin gudunta a kan kansa: in aka ninka gudu sau biyu, nisa ya ninku sau huɗu. Wannan ne ya sa samarin da ke buga ƙwallo kamar suna faskare suke rasa inda fara za ta tsaya.

Ido, da darasin kaza da zalɓe

A kama kaza a hannu biyu, a motsa jikinta a hankali gaba da baya: za a ga kanta ya tsaya wuri guda kamar an kafe shi da ƙusa. Haka zalɓe yake yi a fadamun Baturiya idan yana dakon kifi. Ya tsayar da kai da ido a kan abin da yake nema, sa'an nan ya kai sara sau ɗaya. Dalilin ɗaya ne. Ƙwaƙwalwa tana auna wurin da abu yake ne daga inda ido yake, kuma in kai ya motsa, ma'aunin ya rushe. Babban kuskuren da ya fi yawa a rumfunan wasa shi ne ɗaga kai kafin a gama bugu, don ɗokin ganin ko ƙwallo ta faɗa. Kai yana da nauyin kusan kilo 5. Ba ya tashi sai kafaɗa ta biyo shi, kafaɗa kuwa ita ce aka ce ta tsaya.

A 1996 wata masaniya a Jami'ar Calgary ta ƙasar Kanada, Joan Vickers, ta bayyana abin da ta kira natsattsen ido, bayan ta bi diddigin motsin idon 'yan wasan ƙwallon kwando da na'ura. Ta gano cewa gwanaye sukan kafa ido a wuri ɗaya na tsawon lokaci kafin su fara motsin ƙarshe, fiye da yadda waɗanda ba su kai su ba suke yi. A 2002 wasu masana uku, Williams da Singer da Frehlich, suka gwada wannan a kan masu wasan tebur, suka sami abu guda: gwanaye sun fi daɗewa a kallon ƙarshe, kuma bugun da ya yi nasara ya fi wanda ya kuskure tsawon wannan kallo. Daga nan ake gane hikimar ɗan dakatawar da manyan 'yan wasa ke yi idan sun ja sanda baya a karo na ƙarshe. Lokaci ne da ido ke barin fara ya sauka a kan ja, ya zauna.

Har ila yau, idanun mutum biyu ba matsayinsu ɗaya ba. Kusan mutum biyu cikin uku idon dama ne ke jagorancin aunawa a wurinsu. Gwajin yana da sauƙi: a miƙa hannu biyu gaba, a haɗa su a bar 'yar kafa a tsakiya, a hangi wani abu mai nisa ta cikinta da ido biyu a buɗe, sa'an nan a rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai ɓace masa ba shi ne jagora. Joe Davis da aka ambata a baya idonsa na dama ba shi da ƙarfi, don haka yakan sa sanda ta gefen hagu na haɓarsa, ƙarƙashin idon da yake gani da shi. Bai hana shi mulkin wasan shekara 20 ba. Saboda haka babu dalilin tilasta wa kowane ɗan koyo ya ɗora tsakiyar haɓa a kan sanda.

Abin da shekaru ke ɗauka

Mafi yawan mutane suna zaton ƙarfi ne ke fara tafiya. Gaskiya ne tsoka tana raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma bayan an wuce talatin, kuma zaruruwan tsoka masu saurin zabura su suka fi lalacewa. Wannan ne ke korar ɗan dambe da ɗan kokawa daga fage tun da sauran ƙuruciyarsu. Amma tura sanda mai rabin kilo ba ya buƙatar ko kusa da abin da dattijo ɗan shekara 70 yake da shi. A sinuka, ido ne ke fara gajiya.

A cikin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, mai taushi, wanda wata tsoka mai kama da zobe ke sauya kaurinsa domin a ga na kusa ko na nesa. Tun daga ƙuruciya wannan madubi yake ƙara tauri a hankali. Yaro ɗan shekara 10 yana iya karanta rubutu a tazarar da ba ta kai santimita 10 ba. Ɗan shekara 40 sai ya kai shi wajen santimita 25. Ɗan shekara 50 yana neman kusan rabin mita. Ɗan shekara 60 kuwa sai wajen mita guda. Kowa ya ga dattijo yana nisanta takarda daga fuskarsa kafin ya karanta. Yanzu a dubi ɗan sinuka: fara tana gabansa da kamar rabin mita ko fiye kaɗan, ja kuma tana iya kai mita 3, kuma dole ido ya yi ta kai da kawo tsakaninsu sau da yawa kafin kowane bugu. Taurararren madubi ba ya wannan sauyi da sauri, daga baya ma ya kasa yin sa gaba ɗaya. Bugu da ƙari, 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido tana ƙanƙancewa, madubin kuma yana yin rawaya-rawaya, har ta kai hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa na ɗan shekara 20 ba. Rumfar da ƙwan lantarki guda ke haskawa ta ishi saurayi, amma dattijon da ke karawa da shi a cikin duhu yake wasa.

A nan akwai tarko. Tabaron karatu da ake saya a kasuwa an yi shi ne don tazarar santimita 40 ko makamancin haka. Duk abin da ya wuce nan yana dishewa, don haka ba shi da amfani a kan tebur. Tabarau na yau da kullum kuma, idan mutum ya sunkuya ya ɗora haɓa a kan sanda, sai ya tarar yana leƙe ta saman gilashin. Dennis Taylor, wanda ya ci gasar duniya a 1985 a kan baƙar ƙwallon ƙarshe bayan ya doke Steve Davis da ci 18 da 17, ya shahara da wani ƙaton tabarau da aka ɗaga gilashinsa sama har kan gira domin magance wannan matsala. Mai duba ido zai iya haɗa irinsa idan aka bayyana masa tazarar da ake buƙata da yadda ake sunkuyawa.

Sai dai ba kowane dishi-dishi ne na tsufa kawai ba, kuma wannan ya fi kowace gasa muhimmanci. Binciken ƙasa da aka yi a kan makanta a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kusan mutum 4 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, yanar ido ce kan gaba wajen haddasa hakan, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na makantar ana iya hana ta ko warkar da ita. Hawan jinin ido, wato gilakoma, yana cin gani ta gefe-gefe ba tare da ciwo ba, ciwon sukari kuma yana ɓata ƙananan hanyoyin jinin da ke bayan ido. Mutumin da ya ga ya fara kuskuren bugun da a da yake ci ido rufe, ko ya ga gefen ƙwallo yana rabuwa biyu, ya sami gargaɗi tun da wuri, wanda maƙwabcinsa da ba ya wasa ba zai samu ba. Asibiti ya kamata ya nufa, na kusa da shi ko irin su Asibitin Ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, tun kafin ya zargi sandarsa.

Bayan ido sai wuya da ƙugu. Ƙasusuwan wuya 7 ne, kuma faifan guringuntsin da ke tsakaninsu yana bushewa da shekaru. Sunkuyawa tare da ɗaga fuska gaba yana matse su. Dabarar ita ce a buɗa ƙafafu, a lanƙwasa gwiwoyi biyu maimakon ɗaya, ko a ɗaga haɓa daga sanda da ɗan yatsa biyu ko uku. An rasa ɗaya daga wuraren jingina huɗu, amma hakan ya fi a yi wasa cikin ciwo, domin tsokar da ke jin zafi ba ta natsuwa.

Hannun kowane mai rai yana rawa kaɗan, sau 8 zuwa 12 a sakan, ko da ido bai gani ba. Gajiya da yunwa da rashin barci suna ƙara ta; haka sinadarin kafeyin da ke cikin goro da kofi da shayi mai kauri; haka adirenalin da jiki ke saki idan an tsorata ko jama'a sun zuba ido. Dattijon da ya saba ɓantarar goro kafin wasa don ya wartsake yana sayen wartsakewar ne da natsuwar hannunsa. Bill Werbeniuk, ɗan wasan Kanada mai fama da rawar hannu, ya riƙa shan wani maganin zuciya da ke rage ta, kuma da hukumar wasan ta haramta maganin a ƙarshen shekarun 1980, rikicin ya taimaka wajen kawo ƙarshen sana'arsa. Irin wannan magani ba abin sha ba ne sai da umarnin likita, musamman ga mai ciwon asma.

Abin da shekaru ke bari

A ƙeyar mutum akwai wani sashe da ake kira ƙaramar ƙwaƙwalwa. Nauyinta kusan kashi ɗaya cikin goma ne na dukkan ƙwaƙwalwa, amma ta ƙunshi fiye da rabin ƙwayoyin jijiyarta. Aikinta shi ne kwatanta motsin da aka yi niyya da wanda ya auku, ta gyara na gaba. Da ita da wasu cibiyoyi da ke can cikin ƙwaƙwalwa suke mayar da aikin da aka maimaita dubban lokuta ya zama ba ya buƙatar tunani, kamar yadda mai saƙar tabarma ke hira hannunsa na aiki. Irin wannan ajiya tana da wuyar gogewa. Shi ya sa wanda ya shekara 20 bai hau keke ba yake hawa ya tafi.

Tarihin gasar duniya ya tabbatar da haka. A 1978 Fred Davis, ƙanen Joe, ya kai wasan kusa da na ƙarshe yana da shekara 64, inda Perrie Mans na Afirka ta Kudu ya fitar da shi da ƙyar. Shi kuma Mans ya sha kaye a hannun Ray Reardon mai shekara 45. Ronnie O'Sullivan ya ci kofinsa na bakwai a 2022 yana da shekara 46. A 2025 Mark Williams ya kai wasan ƙarshe yana da shekara 50, yana kuma faɗa a fili cewa ganinsa ya ragu, kafin Zhao Xintong na ƙasar Sin ya doke shi da ci 18 da 12. Ga waɗanda ba sana'arsu ba ce, ƙungiyar duniya ta masu wasan sha'awa tana da rukuni na musamman na 'yan shekara 40 zuwa sama, kulob-kulob da yawa kuma suna shirya gasar da ake ba mai rauni wasu maki tun kafin a fara. Babu abin da zai hana masu rumfuna a Haɗejiya su kwaikwayi wannan tsari, kuma gasa mai rajista da alƙali da kofi ita ce hanya mafi sauƙi ta raba tebur da caca.

Yadda dattijo ke cin saurayi ba asiri ba ne. Ba ya neman bugun nesa sai dole. Yana tunanin inda fara za ta tsaya fiye da inda ja za ta faɗa, don bugu na gaba ya zo masa kusa, a tazarar da idonsa ke iyawa. In bugun ya yi wuya, sai ya ɓoye fara a bayan wata ƙwallo ko ya manna ta da gefen tebur, ya bar yaro da gaggawarsa ya buɗe masa wasa. Abokin gabarsa na gaskiya shi ne yawan tunani a kan hannu: idan mai ƙwarewa ya fara sa wa kowace gaɓa ido a tsakiyar bugu, yana ƙwace aikin ne daga sashen ƙwaƙwalwar da ya iya, ya miƙa wa wanda bai iya ba. Stephen Hendry, mai kofin duniya bakwai, ya bayyana cewa ya yi shekaru yana fama da wata ɗaurewar hannu da ke hana shi sakin sanda yadda ya saba, kafin ya yi ritaya a 2012. Maganin da masu horarwa ke bayarwa shi ne tsari guda da ba ya sauyawa: a yanke shawara a tsaye, a shiga layi, a sunkuya, a yi lilon gwaji adadin da aka saba, a dakata, a buga. In shakka ta zo bayan an sunkuya, a miƙe a sake daga farko.

Wajen atisaye, rabin sa'a kullum ya fi sa'a huɗu a rana ɗaya, domin ƙwaƙwalwa tana ƙarfafa abin da hannu ya koya a lokacin barci. Gwaji biyu sun isa su tona asirin kowane hannu. Na farko, a kwantar da kwalbar lemo a kan tebur, a riƙa zura kan sanda cikin bakinta ana fitarwa ba tare da an taɓa gilashi ba. Na biyu, a bugi fara ta tsakiyar tebur zuwa gefen da ke fuskantar mai bugu, a bar sanda a inda ta tsaya. In bugun ya miƙe, ƙwallon za ta dawo ta sami kan sanda. Wayar hannu da aka kafa a baya tana ɗaukar hoto za ta nuna gwiwar hannun da ke gocewa, wadda mai ita zai rantse a tsaye take.

Tebur a ƙasar fadama

Yanayin Haɗejiya yana da nasa hukunci a kan wasan. Teburin gasa ana shimfiɗa shi ne da faffaɗan dutse da aka goge sumul, a lulluɓe da ƙyallen ulu, har a sa masa na'urar ɗumama daga ƙasa don ya kasance a bushe. Teburin rumfa kuwa galibi katako ne, katako kuma yana shan danshi yana fitarwa. A watan Agusta da Satumba, lokacin da kogi ke cika ya malala cikin fadamu, ƙyalle yakan jiƙe da laima, ƙwallo ta yi nauyin tafiya, sanda kuma ta riƙa mannewa a fatar hannun gaba. Goge ta da busasshen tsumma ya fi barbaɗa hoda, wadda ke ƙarewa a kan ƙyalle. Da hunturu iska takan bushe ƙwarai, katako ya tsuke, sandar da aka jingina a bango ta lanƙwashe, hular fata ta yi tauri ta daina riƙe alli, ƙura kuma ta kwanta a kan ƙwallaye ta sa su riƙa kama juna a lokacin haɗuwa. Sanda a kwance ake ajiye ta ko a rataye, nesa da rana, kuma mirgina ta a kan tebur yana nuna ko ta karkace. Da bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, matsalar ta koma jikin ɗan wasa: jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru, don haka dattijo na iya bushewa a ƙarƙashin rumfar kwano bai sani ba, hankalinsa ya rarrabu, hannunsa ya ƙara rawa. Wanda ya haura hamsin, in an ba shi zaɓin lokacin karawa a wannan yanayi, ya zaɓi bayan Magariba a rumfa mai wadataccen haske, da gorar ruwa a kusa da shi.